Yadda ake bin tarihin kangon kagara da ke kan dutse

Idan aka ba ɗalibi ko malamin makaranta aikin rubuta tarihin wani kango, abin da yakan fara nema shi ne sunan sarkin da ya gina shi da labarin yaƙin da aka gwabza a ƙofarsa, daga nan sai ya ɗauka ya gama. Waɗannan biyun suna da muhimmanci, amma kango yana da shaidu da yawa, kuma wanda ya saurari guda ɗaya ya tashi bai ji ƙarshen zance ba. Zan bi hanyar aikin daki-daki da misalin wata kagara ta dutse mai suna Château Gaillard, da ke yankin Normandi a ƙasar Faransa, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 12. Na zaɓe ta ne saboda takardunta sun tsira, wasu bangayenta kuma suna nan tsaye, don haka ana iya auna abin da dutse ya nuna da abin da alƙalami ya rubuta. Wanda ya ƙware da hanyar a can zai iya tafiya da ita Birnin Lalle a ƙasar Dakoro, ko Jado a Kawar, ko Surame ta Kanta, ko tsohuwar ganuwar garin kakanninsa.

A fara da ƙasa kafin a waiwayi gini. Mai bincike ya buɗe taswira, ko hoton tauraron ɗan'adam da ake samu yau a wayar hannu, ya tambayi kansa dalilin da ya sa aka zaɓi wannan wuri aka bar na kusa da shi. Château Gaillard tana zaune ne a kan hancin wani farin dutse mai tsayin kimanin mita 90 bisa kogin Seine, daidai inda kogin ya yi gwiwa, kimanin kilomita 95 daga Paris da 40 daga Rouen, babban birnin Normandi na wancan zamani. Kogin shi ne babbar hanyar kaya, saboda haka duk mai son kai runduna da guzurinta daga Paris zuwa Rouen sai ya ratsa ta ƙarƙashin dutsen. Kusan ta ko'ina gangare ne mai wuyar hawa, in ban da gefen kudu maso gabas inda hancin dutsen ya haɗu da wani tudu mai faɗi wanda ya fi kagarar kanta tsayi. Mai bincike ya riƙe wannan gefe a ransa, domin a nan magina suka fi zuba ƙarfinsu, ta nan kuma abokan gaba suka zo. Irin wannan tambaya tana aiki a gida: Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi a fadamar gulbi suka zauna, sai da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin aka hau tudu, kuma wanda bai san haka ba zai je neman tsohuwar Maraɗi a inda ba ta taɓa zama ba.

Bayan ƙasa, sai a koma baya da shekara biyar ko goma kafin a aza harsashi, domin babu sarkin da ke kwashe taskarsa ya zuba a kan dutse sai da abin da ya tsorata shi. Wanda ya gina wannan kagara shi ne Richard, Sarkin Ingila kuma mai mulkin Normandi, wanda ake wa laƙabi da Mai Zuciyar Zaki, shi ne kuma ya kara da Salahuddin Ayyubi a yaƙin Salibiyya na uku. A hanyarsa ta komawa gida aka kama shi kusa da Biyana a ƙarshen 1192, ba a sake shi ba sai a 1194 bayan an biya fansa mai nauyi. Yana can a tsare, Sarkin Faransa Philippe Auguste ya karɓe kagarar Gisors a 1193, wadda ita ce makullin iyakar Normandi ta gabas, hanyar Rouen ta zama a buɗe. Sabuwar kagarar toshe wannan kafa ce.

Akwai tambayar da ake yawan tsallakewa a nan, wato ƙasar ta wane ce kafin a yi ginin. Yarjejeniyar Louviers ta farkon 1196 ta hana sarakunan biyu gina kagara a Andeli, wato yankin da dutsen nan yake, kuma ƙasar mallakar babban limamin cocin Rouen ce, Walter de Coutances. Richard ya yi kunnen ƙashi ya soma aiki, limamin ya dakatar da hidimar coci a Normandi ya kai ƙara wurin Paparoma, ba a sasanta ba sai a watan Oktoba na 1197, da aka ba shi wasu garuruwa a madadi, har da tashar jiragen ruwa ta Dieppe. Rigima irin wannan alheri ce ga mai bincike, domin gardamar ƙasa tana barin takardu da kwanan wata, a wurinmu kuma tana barin zuriyar da har yau ke tuna cewa gonar kakanta ce aka ɗora gari a kai.

Daga nan sai a nemi littafin kuɗi, kuma a ganina shi ne shaidar da ta fi kowace gaskiya, domin magatakarda ba ya rubuta don a yaba wa ubangidansa, yana rubutawa ne don lissafi ya tashi daidai. Takardun baitulmalin Normandi sun jera waɗanda aka biya a Andeli: masu fasa dutse, da masu sassaƙa shi, da magina, da masu toya farar ƙasa, da kafintoci, da maƙera, da leburorin da ke ɗaukar kwaɓi, da ƴan ga-ruwa, da masu amalanke, da masu haƙa gwalalo a cikin dutse, har da sojojin da ke gadin ma'aikata. Masana sun ƙiyasta cewa an kashe tsakanin fam 15,000 zuwa 20,000 daga 1196 zuwa 1198, alhali abin da Richard ya kashe a kan dukan kagarorin Ingila a tsawon mulkinsa kimanin fam 7,000 ne. A cikin shekara biyu aka kammala mafi yawan aikin da a al'ada kan ci shekara goma ko fiye. Abin lura kuma, takardun ba su ambaci sunan babban magini ba, shi ya sa wasu masana ke ganin sarkin da kansa ne ya tsara ginin. A lura da yadda aka faɗi wannan: takarda ta yi shiru, masana suka yi hasashe, kuma wajibi ne mai rubutu ya bar hasashe a matsayinsa, kada ya ɗaukaka shi zuwa tabbas.

Ganuwoyinmu na ƙasar Hausa ba su bar irin wannan littafi ba, amma sun bar makwafinsa. Kududdufan da ke cikin tsohon gari da gefensa galibi nan ne aka ɗebi ƙasar gini, girmansu da wurinsu suna nuna yawan aikin da aka yi da ɓangaren da aka fi ba ƙarfi. Gidan Sarkin Magina, inda sarautar ta wanzu, yakan riƙe labarin unguwar da aka ɗora wa gyaran wane sashe bayan kowace damina. Mai bincike ya je can tun kafin ya je fada, domin a fada za a ba shi sunan sarki, a gidan magina kuwa za a ba shi yadda aka yi aikin.

Sai yanzu ake isa ga bangon kansa. Hanya mafi kyau ita ce a tunkare shi daga waje, ta gefen da mahari zai biyo, ana ƙidaya abin da zai tare shi ɗaya bayan ɗaya. A Château Gaillard, mai zuwa daga tudu zai fara cin karo da farfajiyar waje mai siffar kusurwa uku, tsininta yana fuskantarsa da babbar hasumiya. Bayanta akwai gwalalo da aka sare a cikin dutse, sai farfajiya ta biyu, sai wani gwalalon, sai farfajiyar ciki, sa'annan babbar hasumiya a bakin gangare, inda babu sauran wurin ja da baya. Bangon farfajiyar ciki shi ne abin da ya fi jan ido: ba a miƙe yake ba, an yi shi ne da ƙusumbi 19 a jere, kowane yana turo ciki waje. Dalilin haka na yaƙi ne, domin dutsen majaujawa idan ya bugi bango mai lanƙwasa yakan goce, kuma maharbin da ke sama yana iya ganin gindin ƙusumbin da ke kusa da shi, babu lungun da mai haƙa zai fake.

A nan ido yake aiki, kuma sai an matsa kusa. A duba inda bango biyu suka haɗu: idan duwatsunsu sun shiga juna, tare aka gina su, idan kuwa ɗaya ya jingina kawai da ɗaya, akwai tsaga miƙaƙƙiya a tsakani, to mai jinginar daga baya ya zo. A duba launin dutse da na kwaɓin da ya riƙe shi, a ga inda suka sauya. Ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu da ke jere a fuskar bango wurin itacen dandamalin magina ne, manya kuwa da ke layi ɗaya a ciki wurin azarar bene ne, da su ake gane hawa nawa ɗaki yake da shi ko da rufinsa ya tafi shekaru ɗaruruwa. Ƙofar da aka toshe da dutse na daban tana nuna lokacin da tsoro ya ƙaru ko amfanin ɗakin ya canja. A bangon ƙasa ma haka ne, sai dai tubali da yaɓe ake dubawa, da kaurin gindi, da ragowar badala inda masu tsaro ke tsayawa. A je da hantsi bai ɗaga ba ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun ƙasa a karkace, domin a sa'an nan ne tudun ganuwar da ta narke ke fitar da inuwa. Bayan girbi ya fi, da ciyawa ta kwanta. A riƙe igiyar awo da littafi, a ajiye sanda mai tsawon mita ɗaya a cikin kowane hoto, a sa takalmi mai rufi saboda maciji da kunama, kuma kada a hau bango.

A kowace kagara a nemi rijiya. Kagarar kan dutse tana da nisa da ruwa gwargwadon nisanta da abokin gaba, kuma an ruwaito cewa a 1419, bayan doguwar ƙawanya, Faransawan da ke tsaron Château Gaillard a lokacin sun miƙa wuya ga Ingilishi ne saboda igiyoyin gugarsu sun tsinke.

Labarin faɗuwa shi ne wurin da ya fi bukatar taka-tsantsan. Richard ya mutu a watan Afrilu na 1199 daga raunin kibiya, ƙanensa John ya gaje shi. A ƙarshen damina ta 1203, a lissafinmu na nan, Philippe ya sauka a Andeli, ya karɓe ƙaramar kagarar da ke tsibirin kogi da garin da ke gindin dutse, yunƙurin kawo agaji ta ƙasa da ta ruwa cikin dare ya ci tura saboda jiragen sun makara, sai ya zagaye dutsen da ramuka da hasumiyoyin itace ya zauna jira. A watan Fabrairu na 1204 ya soma hari daga tudun nan na kudu maso gabas. Mutanensa suka cike gwalalo, suka haƙa ƙarƙashin hasumiyar waje suna tokare ta da itace, sa'annan suka cinna wa itacen wuta ta zube. Farfajiya ta biyu ta faɗi ne bayan wasu sojoji sun kutsa ta wani gini mai ɗakin ibada da John ya ƙara a jikin bango, suka buɗe wa ƴan'uwansu hanya. A farfajiyar ciki kuwa, gadar dutse da magina suka bari lokacin saran gwalalo ita ta zama rumfar masu haƙa. Ranar 6 ga Maris 1204 shugaban masu tsaro, Roger de Lacy, ya shiga hannu da mutanen da ba su kai 200 ba, kuma ranar 24 ga Yuni Rouen ta miƙa wuya.

Mafi yawan wannan bayani ya zo ne daga Guillaume le Breton, limamin fadar Philippe, wato mutumin wanda ya yi nasara. Ba a jefar da maganarsa saboda haka, amma ana tambaya a kowane layi: me wannan zance ke ƙara wa ubangidansa? Inda bango ya gaskata shi, kamar gefen da aka kawo hari, a karɓa da ƙarfi. Inda shi kaɗai ya faɗa, kamar ainihin kafar da sojojin suka bi, wadda wasu suka ce taga ce wasu suka ce magudanar bayi, a rubuta cewa ruwaya ce. Haka za a yi da kirarin maroƙa da waƙar fada a wurinmu, a kuma nemi abin da zuriyar wanda aka ci da yaƙi take faɗa.

Akwai mutanen da ba na yarda a bar su a baya a wannan labari. Da Faransawa suka iso, talakawan garin da ke gindin dutse suka gudu cikin kagara neman mafaka. Da de Lacy ya ga abinci ba zai kai ba, sai ya fara fitar da su. Rukunan farko an bar su sun wuce, amma da Philippe ya gane cewa fitarsu tana tsawaita ƙawanya, sai ya hana. Ɗaruruwan mutane, tsofaffi da mata da yara, suka maƙale a gangaren dutse, ƙofa a rufe ta bayansu, mashi a gabansu, cikin sanyin hunturu, har na tsawon watanni, da yawansu yunwa ta kashe su kafin a buɗe wa ragowar hanya. Gwalalon da mai yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonsa yau, a kusa da shi wannan ya faru. Tarihin kagara da ya lissafa kaurin bango ya manta da su bai cika ba, saboda haka a kowane kango a tambayi inda talakawa suke zaune, da abin da ya same su ranar da aka rufe ƙofa.

Kada a tsaya a ranar faɗuwa, domin rayuwar ginin bayanta ta fi tsawo nesa ba kusa ba. A 1314 aka tsare surukan Sarkin Faransa biyu a ciki, Marguerite da Blanche, ta farkon ta mutu a can a 1315. Daga 1334 Sarkin Sikotilan David na II ya yi zaman gudun hijira a wurin. A yaƙin shekara ɗari tsakanin Ingila da Faransa ta yi ta sauya hannu har Faransawa suka riƙe ta ɗungum a 1449. Abin da ya mai da ita kango kuwa umarnin Sarki Henri na IV ne a 1599 na a rushe ta, don kada ta zama maɓoyar ƴan tawaye da ƴan fashi, daga baya aka ba wasu gidajen ibada na Andeli izinin kwasar duwatsunta su yi gini. Sai a 1862 gwamnatin Faransa ta sa ta cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Darasin aikin shi ne a sauko daga dutse a zaga gari, a duba bangayen tsofaffin gidaje, domin sau da yawa abin da ya ɓace a sama yana nan a ƙasa cikin ginin maƙwabta. Ganuwar ƙasa ma haka take ƙarewa a gabanmu: damina ta ci nata, masu bugun bulo su ɗebi nasu, mai gona ya matsa iyaka taƙi ɗaya kowace shekara. Wannan ma tarihi ne, a rubuta shi da shekarunsa tun masu shaida suna raye.

Ga kangon da ba shi da takarda, bakin dattijai shi ne taska, kuma yana da ladabinsa. A fara da gaida maigari a nemi izni, da goro a hannu, a ce: "Ranka ya daɗe, mun zo neman sanin tsohon garin nan ne, ko akwai wanda za ka haɗa mu da shi?" A zauna da kowane dattijo shi kaɗai, domin a cikin taro ƙarami ba ya musa wa babba. Bayan kowane labari a tambaya cikin girmamawa: "Baba, wannan a bakin wa ka ji shi?" A nemi tsofaffin mata, Inna da Iya, domin su suka fi riƙe zancen rijiyoyi da aure da ƙaura. Kada a matsa wa kowa ya faɗi shekara. A tambayi zamanin wane sarki, kafin wace yunwa, kafin zuwan Nasara ko bayansa, daga baya a ɗaure wannan da shekarun da aka tabbatar.

Abin da aka gani a ƙasa, tsingaro ne, ko kashin maƙera, ko dutsen niƙa, ko gawayi, a ɗauki hotonsa a inda yake, a rubuta wurin, a bar shi. Kada a haƙa. Gawayi yana iya ba da shekaru ta gwajin kabon 14, amma sai an san shimfiɗar ƙasar da ya fito daga ciki, kuma wanda ya tone shi da fartanya ya kashe shaidar har abada. Wannan aikin masana ne, a sanar da hukumar al'adu ta jiha ko cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.

Wajen rubutawa, a raba magana gida uku a fili: abin da ido ya gani, abin da takarda ta ce, da abin da aka ji a baki, kowanne da sunan tushensa, inda suka saɓa kuma a kawo saɓanin yadda yake. Idan an kammala, a koma garin a karanta wa waɗanda suka ba da labari don su gyara, a bar kwafi ɗaya wurin maigari ɗaya a makarantar garin. Hotunan kuma a rubuta musu kwanan wata da inda aka tsaya aka ɗauke su, don a sake ɗaukar irinsu daga wuri ɗaya bayan kowace damina, a san nawa bangon ya ragu.